Hoton Hawan Daushe a senti goma? Tsakanin manyan dillalan hoto da maikurostok

Akwai wani yaro da yake koyon aiki a wajena, ɗalibi ne a Samaru, makon da aka gama hidimar Sallah ya same ni a shago bayan la'asar da katin kyamararsa cike da hotunan Hawan Daushe, ya ce "Maigida na buɗe akawun a Shutterstock, yau da daddare in an kawo wuta zan loda su gaba ɗaya." Na ce kawo mu gani tukuna. Muka sa katin a kwamfuta muna bi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu dai irin wanda kowa ke dawowa da shi ne daga Ƙofar Fada, ƙura da bayan dawakai da kawunan 'yan kallo, har muka zo kan wani guda ɗaya da ya sa na ɗauke hannu daga kan kibod. Wani dattijo ne cikin 'yan lifida, doki ya ɗaga ƙafafun gaba daidai lokacin jafi, hasken yamma ya faɗo ta gefe ya haska kwalkwalin da rabin fuskarsa, zanen ƙofar fada ya fito ras a bayansa, babu ko hannun mutum ɗaya riƙe da waya da ya shigo ya ɓata shi. Na ce masa wannan kam ba za ka loda shi yau ba, jawo kujera.

Abin da na faɗa masa ranan shi nake so in faɗa wa sauran 'yan uwa masu hoto na Zariya da kewaye, don na lura da yawanmu mun ji labarin wai ana sayar da hoto a intanet a biya ka da dala, amma ba a gaya mana kasuwar iri biyu ce ba, kuma kowace da irin kayan da take so da irin abin da take ci a jikinka.

Abu na farko, hoton ba sayar da shi kake yi ba, haya kake bayarwa. Haƙƙin mallaka yana hannunka, kamfanin dillali ne kawai, shi yake baje kolin ya nemo mai so ya ba shi lasisi ya karɓi kuɗi. Sai dai a kasuwarmu ta nan dillali la'ada yake karɓa mai kaya ya tafi da kuɗinsa, can kuwa abin a juye yake, yawanci dillali ne ke ɗaukar kaso mai tsoka kai mai kaya a ba ka la'adar. Wannan ka sa shi a ranka ko wane ɓangare ka zaɓa.

Tsofaffin dillalan, waɗanda nake kira manyan dillalai, tsarinsu kamar na dillalin dawaki ne. Ba kullum ake ciniki ba, amma ran da aka yi an yi. A da can kafin intanet ta yi ƙarfi mai hoto zai aika musu da fim ɗinsa, su zaɓi kaɗan su buga a katalog, mai mujalla ko kamfanin talla ya bugo waya a yi ciniki, kuma farashin ya danganta da me za a yi da hoton: bangon littafi ne ko cikin shafi, kwafi nawa za a buga, a wace ƙasa, na wata nawa ko shekara nawa. In wa'adin ya ƙare mai saye yana son ci gaba sai ya sake biya. Har zai iya ƙara kuɗi don a hana abokin gasarsa amfani da hoton nan a wannan lokacin. Wannan shi ne lasisi mai sharaɗi, kuma a wancan zamanin raba daidai ake yi da mai hoto a wurare da yawa, hamsin-hamsin. Bill Gates ya kafa kamfanin da ya zama Corbis a 1989, Mark Getty da Jonathan Klein suka kafa Getty Images a 1995 suka yi ta sayen ƙananan dillalai suna haɗewa, su biyun nan suka zama gagarabadau a harkar.

Shi kuwa maikurostok, wato shafukan intanet masu ba da hayar hoto a kan 'yan kuɗi kaɗan, kamar mai kashin tumatir ne a kasuwar Sabon Gari, kashi-kashi, araha, kowa ya zo ya ɗauka, ribar tana cikin yawa. Wani ɗan Kanada Bruce Livingstone ya fara iStockphoto, wanda ake ce wa iStock a taƙaice, a Kalgari a 2000, da farko ma musayar hotuna ake yi kyauta kafin a fara karɓar 'yan kuɗi kaɗan. A 2003 Jon Oringer ya buɗe Shutterstock a Niyok da hotuna kusan 30,000 da shi da kansa ya ɗauka, kuma shi ya yi fice da tsarin biyan kuɗin wata, mai saye ya biya sau ɗaya ya yi ta sauke hotuna har adadin da aka yanka masa. Lasisinsu na biya sau ɗaya ne, wanda ake cewa royalti firi, ba wai kyauta ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka, ma'anarsa in mutum ya biya sau ɗaya to ya yi ta amfani da shi yau da gobe da baɗi ba tare da ya sake waiwayarka ba, kuma mutum dubu za su iya sayen hoto ɗaya a lokaci ɗaya.

To amma fa katangar da ke tsakanin kasuwannin biyu ta daɗe da zubewa, shi ya sa ba na son mutum ya riƙa zaɓe da sunan kamfani kawai. A 2006 Getty ta sayi iStockphoto a kan dala miliyan 50. Adobe ta sayi Fotolia a kan dala miliyan 800 ta mai da shi Adobe Stock a 2015. A 2016 aka sayar da harkar hotunan Corbis ga Visual China Group. A ƙarshen 2019 Getty da kanta ta sanar cewa ta daina lasisi mai sharaɗi a hotunan talla da ƙirƙira, komai ya koma biya sau ɗaya. A Janairun 2025 kuma Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa, cinikin da aka ƙiyasta a dala biliyan 3.7. Kaga kenan mai babbar rumfa da mai kashin tumatir sau da yawa mutum ɗaya ne, ƙofofin shiga ne daban da farashi daban.

Mu zo maganar kuɗi tunda ita ce ta tara mu. Shutterstock tun Yunin 2020 tana biyan kaso ne daga 15 zuwa 40 cikin ɗari gwargwadon yawan hotunanka da aka sauke a shekarar, ɗari na farko a kaso 15, sai an sauke sama da 25,000 kake taka kaso 40, kuma duk ranar ɗaya ga Janairu kowa ya koma matakin farko, tsoho da sabo. Mafi ƙarancin abin da ake biya a sauke ɗaya senti goma ne, kuma a cinikin kuɗin wata wannan senti goman ba baƙo ba ne. Lokacin da aka kawo tsarin masu hoto da yawa a duniya sun kashe shagunansu na ɗan lokaci don nuna fushi. Adobe Stock tana ba da kaso 33 a hoto, 35 a bidiyo, ba mataki ba komawa baya, kana iya cire kuɗi in sun kai dala 25. iStock kaso 15 ne a hoto in kana kai kayanka wasu wurare, in ka yarda ka zama nasu su kaɗai sai ya tashi tsakanin 25 da 45. Yi lissafi da kanka, a ce dala 25 kake son tarawa a senti goma-goma, sai an sauke hotunanka sau 250. Na san dala ta haura naira dubu, kuma da babu gara ba daɗi, amma ka cire kuɗin data da na man janareta da awannin da ka kwashe kana gyara da rubuta kalmomin nema kafin ka ce riba ce.

A ɓangaren manya, Getty kaso 20 take bai wa mai hoto a lasisin biya sau ɗaya, kason ya yi ƙasa da na Adobe amma kuɗin da ake yankar kason a ciki yakan fi yawa nesa ba kusa ba, ciniki ɗaya mai kyau zai iya shanye na ɗaruruwan saukewa a maikurostok. Sai dai kada wani ya yaudare ka cewa kullum haka ne, su ma suna da manyan kwastomomi da suke yi wa farashin sari, wata rana za ka buɗe takardar cinikinka ka ga kuɗin da bai fi na maikurostok ɗin ba. Akwai Stocksy, wanda shi Livingstone ɗin da abokan aikinsa suka kafa a 2013 a matsayin ƙungiyar gama kai, masu hoton su ne masu kamfanin, kaso 50 a lasisi na yau da kullum, 75 a faɗaɗɗen lasisi, wato mai ba mai saye damar amfani fiye da na yau da kullum, amma shiga sai an tace an rairaye. Akwai irin su Panos Pictures a Landan da suka ƙware a hotunan rayuwar al'umma da harkokin ci gaba, ga Gallo Images a Afirka ta Kudu, ga Picha Stock da suka mai da hankali kan hotunan Afirka. Ƙungiyar manyan masu hoto ta Magnum kuwa da aka kafa tun 1947, zama cikakken memba ma shekaru yake ɗauka, wannan ba maganar yau ba ce gare mu.

A tsakiyar biyun nan akwai Alamy, kamfanin Ingila da aka kafa a 1999, PA Media Group suka saye shi a 2020, kuma ni a ganina shi ne ya fi dacewa da mai hoton Zariya da ya ɗan kwana biyu a sana'a. Ƙofarsu a buɗe take kamar ta maikurostok, ingancin hoto kawai suke dubawa ba ruwansu da ko abin da ka ɗauka zai sayu, amma har yanzu kana iya sa hotonka a lasisi mai sharaɗi, kuma masu sayensu da yawa jaridu ne da masu buga littattafan makaranta da na tafiye-tafiye, wato masu neman takamaiman wuri da takamaiman abu. Kasonsu na gama-gari 40 ne, amma tun 2021 in cinikinka na shekara bai kai dala 250 ba sai a sauke ka zuwa 20. Ciniki a can a hankali yake zuwa, sai ka yi watanni ba motsi, kuma ko an saya sai mai saye ya biya su kafin kuɗin ya zama naka. Duk waɗannan alƙaluman suna canzawa, ranar da za ka sa hannu ka karanta yarjejeniyar da idonka.

Yanzu ga inda nake yaba wa maikurostok da zuciya ɗaya: makaranta ce kyauta. Ba wanda zai tambaye ka kai ɗan wane ne ko a ina ka yi karatu, hoton da ya kai megafiksel 4 ya isa a Shutterstock da Adobe, har da waya mai kyau ana shiga. Lokacin da na fara, wani kamfani ya dawo min da kusan duk abin da na tura, kuma kowane da dalilinsa a rubuce. A nan na gane cewa ɗigo-ɗigon da nake gani a sararin sama a hotunan hunturu ƙura ce ta zauna a sensa, wato abin da ke kama hoton a cikin kyamara, saboda ina canza lens a fili cikin hazo, a nan na koyi buɗe hoto ɗari bisa ɗari in duba fokas a kan ido, na koyi cewa tambarin kamfani a rigar yaro ko a tankin mashin ko a lemar mai sayar da kati ya isa a ƙi hoton talla. Shekarun da na yi ina hoton biki da na fasfo ba wanda ya taɓa gaya min waɗannan, don amarya in ta fito da kyau shikenan an gama. Bayan haka kuma maikurostok zai nuna maka abin da duniya ke nema cikin 'yan makonni, ka ga wanne aka sauke wanne aka bari, wanda a wajen manya sai ka shekara ba ka sani ba.

Kuma akwai kayan da wallahi can ne gidansu. Shiga ka nemi hoton likita Bahaushiya da hijabi tana duba mara lafiya, ko ɗalibi da kaftani yana aiki da laftof a ƙarƙashin bishiya, ko mai POS, ko manomin masara a Giwa ko Soba yana duba waya a gona, ko masu tumatir a bakin Galma, ko tuwon shinkafa da miyar kuka da aka ɗauka da haske mai kyau, ka ga ƙarancinsu in ka kwatanta da hotunan Turawa a ofis da suka cika ko'ina. Bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji suna buƙatar irin waɗannan duk Ramadan duk Sallah duk rahoton shekara. Irin wannan hoton gobe ma za ka iya shirya wani, ba ya ƙarewa, don haka in an saye shi da araha sau da yawa ba ka yi asarar komai ba.

Amma akwai hoton da ba ya maimaituwa, kuma a kansa ne na tsayar da yaron nan. Ku tuna Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen shekarun 1830, da bakan gizonsa na ƙasa da masana gine-gine ke tahowa daga ƙasashe su kalla. A Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana cikin sallar la'asar, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda yake da kyakkyawan hoton cikin wannan masallaci kafin ranan yana riƙe da abin da ba mai iya sake ɗauka, komai tsadar kyamararsa. In ya riga ya zuba shi a kasuwar senti goma, to duk wanda ya saya ya saya har abada, ko ka cire hoton daga shafin yau lasisin da aka riga aka bayar yana nan daram, kuma manyan dillalai da ke son kaya nasu su kaɗai ba sa marmarin hoton da ya riga ya zaga gari. Haka abin yake ga ragowar ganuwa da ke zaizayewa duk damina, da tsofaffin soraye masu zanko da ake rushewa ana zuba bulo, da dattawan masu ɗinkin hannu da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Rashin sani kan sa kaza ta kwana a kan dami, mu muna ganin abubuwan nan kullum har sun zame mana ba komai ba, shi kuwa editan littafin tarihi a Landan ko Niyok in Zazzau yake nema to Zazzau yake nema, ba zai karɓi hoton wani gari a madadinsa ba, kuma irinsa zai iya biyan kuɗi na gaske. Kada kuma ka ce bari ka sa a duka biyun, mai saye yana da wayo, zai bincika ya ga hoton nan a wuri mai araha ya ɗauka a can.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda ba ta kuɗi ba ce. Hoton talla ba ya shiga sai da takardar amincewa da duk wanda ake iya gane shi a ciki ya sa wa hannu, in yaro ne sai uba ko uwa ko waliyyi, wani lokaci har gini ko zane sai da takardar mai shi. Hoton labari, wato editoriyal, shi ba ya buƙatar takarda amma ba a talla da shi, jarida da littafi da makamantansu kawai, kuma hotunan hawa a nan suke faɗawa don ba yadda za ka bi mahaya da 'yan kallo da biro. Na taɓa zama da wani dattijo a wani zaure a cikin birni yana ɗinkin aska takwas a kan babbar riga, allura na shiga tana fita bai ko kallon hannunsa, na ɗauke shi da izininsa hoton ya yi kyau matuƙa, sai na fito da takardar na ce "Baba in za ka sa min hannu a nan, don in samu damar sayar da hoton." Ya ajiye allurar ya ce "To ɗana, wa zai saya, kuma me zai yi da fuskata?" Na yi shiru, don gaskiyar ita ce ban sani ba kuma ba zan taɓa sani ba. A lasisin biya sau ɗaya fuskar Baba za ta iya fitowa a tallan banki mai cin kuɗin ruwa, ko a rubutu kan talauci ko wata cuta, ko a fostar da shi ba zai yarda a haɗa shi da ita ba ko nawa za a ba shi. E, dokokin kamfanonin sun hana amfani da hoto ta hanyar ɓatanci ko batsa, amma wa zai bi sawu daga Tudun Wada zuwa wata ƙasa da ba ka san an kai ba? Na mai da takardar aljihu, hoton yana nan na sa shi a matsayin na labari da lasisi mai sharaɗi. A nan tsohon tsari ya fi, kana iya cewa ban da talla, kuma takardar ciniki takan nuna irin amfanin da aka yi da ƙasar da aka kai. Mu nan mutunci ba abin wasa ba ne, musamman hoton mata da 'yan mata, hoto ɗaya ya fito a inda bai dace ba zai iya taɓa aure ko ya raba zumunci, kuma kai da ka ɗauka kana nan a unguwa ana ganinka kullum. In za ka yi hoton talla ka nemi waɗanda suka fahimci abin sosai, ka karanta musu takardar da Hausa, ka biya su haƙƙinsu, kada ka ce sa hannu kawai ba komai.

A kula da sharaɗin kulle. Iri biyu ne kuma mutane na rikita su. Na iStock kai ɗin ake kullewa, in ka shiga ba ka da ikon sayar da hotunan biya sau ɗaya a wani wuri. Na Getty da Stocksy hoton da ka ba su ake kullewa tare da 'yan uwansa da aka ɗauka a zama ɗaya, sauran aikinka naka ne ka kai inda ka so. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka sabon shiga ban ba shi shawarar ya kulle kansa ba sam, ya baza kayan yau da kullum a Adobe da Shutterstock da iStock da Dreamstime ya ga inda kasuwarsa take tukuna.

Karɓar kuɗi kuma, yawancinmu Payoneer muke bi, wani kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, don a baya an yi shekaru da yawa PayPal a Nijeriya turawa kawai ake yi ba a karɓa, saboda haka kafin ka ɓata wata guda kana lodi ka duba ko kamfanin yana biya ta hanyar da za ta iso ka. Kamfanonin Amurka za su sa ka cike fom ɗin haraji W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka za a cire kaso 30 daga cinikin da mai saye na Amurka ya yi, na sauran ƙasashe ba a taɓawa. In ka ƙi cikewa abin da za a cire ya fi haka faɗi.

Ba zan tsallake maganar hotunan kyauta da na AI, wato waɗanda na'ura ke ƙirƙira, ba don su ne suka ƙara min ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi. Unsplash, wanda Getty ta saya a 2021, da Pexels da Pixabay da Canva ta saya a 2019, suna raba hotuna kyauta. Adobe Stock tun ƙarshen 2022 tana karɓar hoton da na'ura ta ƙirƙira, Getty kuwa ta hana a nata shafin har ta kai Stability AI, wani kamfanin da ke yin irin na'urar, kotu a 2023. Hoton fure da faɗuwar rana da kofin shayi a kan tebur, wannan kasuwar ta cika ta batse, kada ka ɓata datarka. Amma na sha gwada sa na'urar ta zana mahayin Zazzau, sai ta naɗa masa rawanin da ba na ƙasar nan ba ta ɗora shi a kan sirdin da ban taɓa gani ba, kuma ko da ta iya, jaridar kirki ba za ta buga zanen na'ura ta ce ga abin da ya faru a Zariya ranar kaza ba. Abin da ya rage mana mai daraja shi ne mun tsaya a wurin da ƙafarmu kuma mun san sunan abin da muka ɗauka. Wannan sanin shi ne jarinka a wajen rubuta bayanin hoto, Baturen da ya zo kwana uku zai rubuta mahaya a wani biki a arewacin Nijeriya ya wuce, kai kuwa za ka rubuta gari da rana da shekara, ka bambance Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ka ce wannan ɗan lifida ne wancan dogari ne, wannan algaita ce wancan kakaki, ka sa kalmar Turanci da mai nema zai buga ka sa ta Hausa a gefenta. Tun da UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya a 2024 nake sa ran masu neman irin hotunan nan za su ƙaru, kuma wanda ya rubuta bayani daidai shi za a samu.

To wanne za ka zaɓa? In yanzu ka fara, ko waya ce a hannunka, ko kana son ka ga motsin dala da wuri don ka samu ƙarfin gwiwa, shiga maikurostok ba tare da kulle ba, ka ɗauke shi makaranta da ɗan kuɗin data, kada ka saki hoton biki da ke ciyar da gidanka saboda shi. In kuwa ka shekara biyar ko goma kana bin hawa da kasuwanni da gonaki kana da tarin hotuna a ma'ajiyar kwamfuta, to ka fara da Alamy ka sa masu wuyar samu a lasisi mai sharaɗi, sannan ka tace guda talatin ko arba'in da suke ba da labari ɗaya, misali masu ɗinkin hannu na birni daga sayen zare har rigar ta hau jiki, ka tura wa dillalan da suka ƙware a Afirka. Za su iya yin shiru, za su iya cewa a'a, baɗi ka sake turawa da aikin da ya fi.

Da yaron nan dai folda uku muka buɗe a daren, wuta ba ta zo ba sai da muka tada janareta. Ta farko hotunan abincin Sallah da na lalle da kayan doki da ya ɗauka kusa-kusa ba fuskar kowa, su ya loda a maikurostok washegari. Ta biyu hotunan hawa guda goma sha da suka tsira daga tacewa, yana rubuta musu bayani ɗaya bayan ɗaya kafin ya tura wa Alamy su duba ingancinsu. Ta uku hoto ɗaya ne a ciki. Na wanke masa shi babba na sa a firem, ranar Juma'a bayan an sauko ya hau mashin ya shiga birni neman gidan dattijon, zai kai masa nasa kwafin ya gaishe shi, ya kuma tambayo tawagar wane hakimi yake hawa a ciki da shekara nawa ya yi yana sa lifidi.